Na'urar Cajin da Aka Ce Ta Tafi Dahome

Keken ya mutu ne ranar kasuwar Lolo, da hantsi, a tsakiyar hanya, da buhu shida na shinkafar gumi a bayansa. Bai yi tari ba, bai yi hayaƙi ba, don dama ba mai yake sha ba, wuta yake sha. Shiru kawai ya yi, ya ɗan gangara, ya tsaya cak.

Inna Sa'adiyya tana zaune bisa buhunan. Ta leƙo ta dubi direban. "Mi kat taɓa?"

"Ban taɓa komi ba," in ji Ɗanmusa.

"Ƙarya kake. Tun kana da majina a hanci ba ka iya barin hannunka wuri guda."

Ɗanmusa ƙanen marigayi mijinta ne. Gemunsa ya yi furfura, amma a bakinta har yau shi ne yaron nan da ta tarar a gidan ranar da aka kawo ta. Ya murɗa makulli, ya sake murɗawa. Wata 'yar jar fitila kawai ke ƙiftawa a gabansa. Caji kuwa a cike yake, da safen nan suka zare shi daga na'ura.

Sai da aka nemo amalanken shanu ya ja keken ya mayar da shi Tungar Gawo, yara na bin su da dariya. Kasuwa ta ci ta tashi babu su. Da suka isa masussuka, inda na'urar caji take, suka tarar ita ma fitilarta ta koma ja.

Wannan keke ba na mutum ɗaya ba ne. Mata goma sha huɗu ne ke gumi a Tungar Gawo: su jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, su turara ta a rabin duro, su shanya, sannan a kai inji a Lolo a cashe, a shiga kasuwa da ita. A da a ka ake ɗauka, ko a jira mai babur ya ga dama. Wuyan Inna Sa'adiyya har yanzu ba ya juyawa hagu sosai saboda wannan dakon. Sai bara wani kamfani daga Birnin Kebbi ya zo da shirin keke mai ƙafa uku mai aiki da lantarki. Aka ba ƙungiyar matan guda ɗaya, aka kafa musu na'urar caji da farantan sola a bakin masussuka, aka ce shekarar farko caji kyauta ne, kuma duk mai abin hawa irin wannan yana iya zuwa ya sa. Sharaɗi ɗaya aka kafa: kada keken ya ƙetare iyakar ƙasa. Daga masussukar nan kuwa in ka miƙa ido kana ganin rufin kwanon ƙauyen farko na Benin, ƙasar da tsofaffin garin har yau suke kira Dahome. Fadama ɗaya ce tsakani. Inna Sa'adiyya ce shugabar ƙungiya, ita ta dangwala yatsa.

Kwana uku da mutuwar keken mai babur ya kawo takarda biyu, ɗaya tata, ɗaya ta maigari. Da Turanci aka rubuta, don haka aka aika kiran Kikelomo mai kyamis, Bayarabiyar da ta shekara ashirin a garin, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. A ƙofar maigari aka karanta, bayan la'asar, maza cike da tabarmi.

Kikelomo ta fara karantawa a zuci, sai ta ɗago. "Inna, ko mu shiga daga ciki?"

"Karanta nan. Ban binne kowa a ɗaki ba."

Ta karanta. Takardar ta ce na'urorin kamfani sun nuna an shiga ƙasar Benin da keken sau arba'in da ɗaya cikin wata biyu. Ta ce Sa'adiyya, shugabar ƙungiya, ta karya alkawari, kuma ana zargin an yi fasa-ƙwauri da kayan kamfani. Saboda haka aka kulle keken daga ofis. Ranar Alhamis ta sama babbar mota za ta zo ta kwashe keken da na'urar caji, wadda ita ma an ga alamarta a Benin.

Can wani daga bayan taro ya ce, "Ashe Inna ta zama Hajiyar boda," aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Ba ta juya ta ga ko wane ne ba. Ta karɓi takardarta, ta ninke, ta ƙulle a bakin zane.

Kafin gari ya waye magana ta zaga. Matan ƙungiya ba su ce mata komai ba, amma ta ga yadda biyu daga cikinsu suka ja tabarmar shanyarsu nesa da tata. Wannan ya fi dariyar jiya ciwo. Shekararta sittin da wani abu a bakin iyakar nan. Ta ga maza sun yi gidan bulo da jarkokin fetur, ta ga an bi ta bayan gidanta da buhuna, ba ta taɓa ɗaga ko ƙwaryar gishiri ta haye da ita a ɓoye ba. Mijinta ya mutu a ɗakin laka saboda irin wannan taurin kan. Yanzu da tsufanta takarda ta zo ta ba ta sunan da ta ƙi da ƙuruciya.

Ta iske Ɗanmusa a gindin gawo yana gyaran taru.

"Dube ni nan," ta ce. "Ka taɓa hayewa da shi?"

"Haba matata."

"Yau ba matarka ba ce. Ka haye ko ba ka haye ba?"

Ya ajiye tarun. "Na rantse da kabarin yayana, Sa'adiyya. Ta ina ma zan bi? Fadama cike take da ruwa tun damina. Keken nan kifi ne?"

Ta tsaya tana kallonsa. Ta san ƙaryarsa, kunnensa ne ke motsi in yana yin ta. Kunnen bai motsa ba.

Ta wuce masussuka ta tsaya gaban na'urar. Ga ta nan, tsayinta ya kai ƙirjin mutum, ƙafafunta cikin siminti. Ita Inna da kanta ta ɗebo ruwan da aka kwaɓa simintin. Har sawun kaza na nan a gefe, inda wata ta taka tun bai bushe ba. Wannan ce aka ce ta je Dahome. Ta kai ƙafa ta shure ta, yatsanta ya yi zafi, na'ura ba ta ko girgiza ba.

Tana tsaye tana zagi a zuci sai ga Mashkura, ƙaramar cikin matan ƙungiya, ta fito da waya a hannu tana ɗaga ta sama tana tsaki.

"Ina za ki da rana haka?"

"Suri, Inna. Batir ya mutu jiya, na kunna da safe, ta haye."

Kowa a Tungar Gawo ya san wannan. Wata biyu da suka wuce mutanen Benin suka kafa sabon ƙarfen sabis a bakin fadama, dogo, ana hango shi daga ko'ina. Tun daga ranar, duk wayar da ta mutu aka kunna ta, sai ta kama sabis ɗin can, ta fara aiko saƙo da Faransanci. Mutane suka ce waya ta haye. Maganinta ɗaya ne: a je wani ƙaton suri da ke gabas da gari a hau, a nan take dawowa gida.

Mashkura ta wuce. Inna Sa'adiyya ta bi ta da kallo, ta dubi ƙarfen sabis ɗin can nesa, ta dawo da ido kan na'urar. Ranar da aka kafa ta ba ta matsa daga wurin ba, tana zaune bisa turmi tana kallon hannun makanikin kamfani. Ta ga ya buɗe cikin na'urar ya sa wani ɗan kati kamar farce, ya sa irinsa a ƙarƙashin kujerar keke. Ta tambaye shi, ya ce layin waya ne, da shi suke magana da ofis. Na'urar kuma kullum rana ta faɗi sai ta mutu, rana ta fito ta farka. Keken ma a gindinta yake kwana, a gindinta ake kunna shi.

"Ɗanmusa!" ta ƙwala kira. "Wanke wuyanka, gobe Birni za mu."

Suka bi ta Bagudo, suka canza mota, azahar ta yi musu a Birnin Kebbi. Tun kafin su isa ofishin ta fara ganin irin na'urarsu: ɗaya a bakin tasha, biyu a gefen kasuwa, duk da koren fitila. Farfajiyar kamfanin kuwa guda shida ne a jere ƙarƙashin rumfar kwano, an shafe ƙasa da siminti, an ja layi da fenti. Motoci huɗu na shan wuta, masu su na zaune a wani ɗakin gilashi ana ba su ruwan sanyi. Gurbi biyu babu kowa.

Manajan saurayi ne mai fararen kaya da agogo, sunansa Ibrahim Khalil. Ya gaishe ta da ladabi, ya ba ta kujera. Ta ƙi zama. Ta kwance bakin zane ta ajiye masa takardar a tebur.

"Kai kar rubuta wagga?"

"Ofishinmu ne, Inna. Ni na sa hannu."

"Ka taɓa zuwa Tungar Gawo?"

"Ban samu zuwa ba tukuna, amma..."

"Ka taɓa ganin fuskata kafin yau?"

"A'a."

"To da wane ido kag gan ni Dahome sau arba'in da ɗaya?"

Ya juyo da allon kwamfutarsa. Ya nuna mata wani zane mai layi a tsakiya, ya ce nan Najeriya, nan Benin. Ya nuna jajayen ɗigo a ɗaya gefen. "Ba ni na gan ki ba, Inna. Na'ura ce. Ita ba ta san kowa ba, ba ta da abin da za ta ci a jikinki."

"Na'urar da munka binne ƙafafunta cikin siminti, ita ma ta tahi?"

"Ana iya cire layin cikinta a tafi da shi. An taɓa yi mana haka a wani wuri."

Ta yi masa bayanin ƙarfen sabis, da suri, da wayar da ke hayewa. Ya saurara yana gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya gama shawara. Da ta gama ya ce layukansu na musamman ne, ba irin na wayar hannu ba ne. Ya ce ko ma mene ne, takarda ta riga ta fita. Ya ƙara da cewa a nan birni akwai masu keke da yawa da ke jiran wurin caji, guda goma sha biyu ba su isa ba, in an kawo wannan za ta yi aiki dare da rana maimakon ta zauna tana jiran keke ɗaya.

"Au," in ji Inna Sa'adiyya. "Ashe nan maganar take. Goma sha biyu gare ku, ta goma sha uku kuke nema a hannun matan da ke tsaye gaban wuta."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ɗana, in kana son kayanka ka ce kana so. Ka zo da rana ka ce, tsohuwa ba ni, mun fasa. Amma ba za ka ɗauka ka bar mani sunan ɓarauniya a madadinsa ba."

Ya miƙe, alamar magana ta ƙare. Ya ce a yi haƙuri, ya ce zai sa a duba. Ɗanmusa ya taɓa gefen mayafinta. "Mu tahi, mota za ta ƙare."

Ta fita, amma ba ta nufi ƙofar waje ba. Ta miƙe sai ƙarƙashin rumfar kwano. Ta shiga ɗaya daga gurbin da babu kowa, ta shimfiɗa dardumar sallarta a tsakiyar layin fenti, ta jawo igiyar cajin daga maratayinta ta aza bisa cinya, ta zauna. Ta ciro goro ta ɓantara.

Maigadi ya taho da sauri. "Mama, nan wurin mota ne."

"Mi anka rubuta a allon can?"

Ya waiwaya. "Wurin caji na jama'a."

"Ni mi ce? Akuya?"

"Amma ba ki da mota."

"Ina da keke. Maigidanka ya kashe shi daga bisa kujera. Har shi tashi, ga ni ga rabona na wuta."

Ba a jima ba motoci suka fara shigowa, lokacin tashi daga aiki ya yi. Ɗaya ta shiga gurbin da ya rage. Ta biyu ta tsaya a gabanta, wani mai babbar riga ya sauke gilashi ya danna oda. Ta dube shi ta ci gaba da taunar goro. Ta uku ta tsaya a bayansa, ta huɗu ta toshe ƙofa. Maigadi ya miƙa hannu zai ɗauki igiyar.

"Taɓa," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Taɓa ni, in kwanta nan, ka ga yadda ake ɗaga tsohuwa daga siminti a gaban mutane."

Ya janye hannunsa. Ɗanmusa ya jingina da ginshiƙi ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa. Mai babbar riga ya fito yana faɗa, ya tambayi me ke faruwa. Ta gaya masa, tun daga buhu shida har zuwa sawun kaza. Ya saurara, faɗansa ya ragu, ya juya ya ce a kira masa manaja.

Ibrahim Khalil ya fito yana share goshi. Wasu sun riga sun ɗaga waya suna ɗauka. "Inna, me kike so?"

"Abu guda. Ran Alhamis kada ka aiko mota ita kaɗai. Ka zo da ƙafarka, da wayarka wagga mai tsada. Ka tsaya inda na'urarka take. In wayarka ta zauna Najeriya, kwashe kayanka, ni zan kama maka a aza, sunan da kab ba ni kuma in amsa shi har kabari. In ta haye, sai mu yi wata magana."

Ya dubi layin motoci, ya dubi wayoyin da ke kallonsa. "Na yarda."

"Faɗa wa Alhaji, shi ne shaida."

Ya faɗa. Ta tashi, ta kakkaɓe darduma, ta miƙa wa mai babbar riga igiyar da hannunta. "Sha wutarka, Alhaji. Allah shi ba da haƙuri."

A mota Ɗanmusa ya daina dariya. "In wayarshi ba ta haye ba fa? Irin tasu ba irin tamu ba ce."

Abin da ke cin ta ke nan tun da maganar ta fita daga bakinta.

Ranar Alhamis da hantsi babbar mota ta iso, ƙaramar motar manaja na biye. Matan ƙungiya duk suna masussuka, har biyun nan da suka ja tabarmarsu. Maigari ya sa aka kawo masa kujera. Daga babbar motar ma'aikata uku suka sauko da guduma da sifana, tare da Chibuzor, makanikin da ya kafa na'urar bara. Ya ga Inna ya rusuna ya gaishe ta, ya tuna tuwon da ta ba shi. Sannan ya zagaya na'urar, ya duba simintin, ya duba ƙusoshin murfinta da suka yi tsatsa a inda ya ɗaure su. Ya ɗago ya dubi manajansa.

Ibrahim Khalil ya tsaya a jikin na'urar, ya ɗaga wayarsa ya nuna wa maigari. Sabis ɗin Najeriya ne, sanda ɗaya, amma yana nan. Aka jira. Rana ta ɗaga. Ya sake nunawa, bai canza ba. Wani a cikin maza ya yi gyaran murya.

"Inna, na cika alkawari," in ji manajan. Ya yi wa ma'aikata alama. Ɗayansu ya sa sifana a ƙafar na'ura.

"Tsaya," ta ce. "Kashe ta ka kunna."

"Ba mu yi da haka ba."

"Na'urarka kullum rana ta faɗi sai ta mutu, safiya ta yi ta farka. Ko ba haka ba ne, Chibuzor?"

Chibuzor ya sosa ƙeya. "Haka ne, Mama."

"To wayarka ta kwana ta tashi yadda na'urarka ke yi. In kana da gaskiya, mi kake tsoro?"

Maigari ya ce, "Ɗana, ai ba wani aiki ba ne. Kashe ka kunna."

Ya danna. Allon ya yi baƙi. Mata suka matso har suna taka juna. Inna Sa'adiyya ba ta matsa ba, ta kafa ido a kan ƙarfen sabis ɗin can bayan fadama kamar mai jiran baƙo. Wayar ta haska, ta yi ɗan kiɗanta, ta yi shiru. Sai ta yi ƙara sau ɗaya. Ta sake yi.

Ibrahim Khalil ya tsura wa allon ido. Kikelomo ta leƙa ta kafaɗarsa, ta fashe da dariya. "Faransanci ne! Suna yi masa barka da zuwa Benin, wai Allah ya sa ya ji daɗin ziyara."

Wurin ya kaure. Mashkura ta rangaɗa guɗa. Inna Sa'adiyya ta ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Maigari, ka shaida. Jama'a, ku shaida. Wanga bawan Allah ya ƙetare iyaka yanzu a gabanku, ba takarda, ba izini, ƙafarshi ba ta motsa ba. Ku masu guduma, dokar kamfaninku ta ce abin da duk ya haye a aza shi a mota. Ku fara da shi."

Har ma'aikatan sai da suka yi dariya. Manajan bai yi ba. Ya ce da Chibuzor wani abu a hankali, Chibuzor ya buɗe cikin na'urar, ya jona wata 'yar kwamfuta, ya duba, ya gyaɗa kai. Ya ce layin na nan inda ya sa shi, sabis ɗin can yake kamawa duk safiya. Ya ce zai iya ɗaure shi ya daina tsallakawa, shi da na keken, aikin rabin awa ne. Amma buɗe kullen sai daga ofis.

Ibrahim Khalil ya kira ofis. Kiran bai shiga ba. Ya matsa gaba, ya ɗaga wayar sama, ya sake. Wata mata ta yi masa bayani da Faransanci.

"Sai suri," in ji Ɗanmusa.

Gari guda ya raka shi. Surin yana gabas da gari, ya fi mutum tsayi, ƙafafun jama'a sun sassaƙa masa matakala. A gindinsa akwai takalma uku a jere, ƙafa ɗaiɗai. Haka ake layi a nan: ka ajiye takalminka ɗaya, ka koma inuwa ka jira. Wata Bafulatana na sama tana faɗa da ɗanta da ke Kamba. Masu takalman suka ga baƙo da fararen kaya, ɗayansu ya tashi zai janye nasa.

"Bar shi nan," in ji Inna Sa'adiyya. "Kwana goma sha ɗaya munka jira, kasuwa biyu ta wuce mu. Shi jira mutum uku."

Manajan ya dube ta. Ya sunkuya ya cire takalminsa mai sheƙi ya ajiye a bayan wani silifa da aka ɗinke da waya. Ya tsaya a rana da ƙafa ɗaya cikin safa. Aka ba shi wuri a inuwa, ya ce a bar shi. Wani mai albasa ya hau ya tambayi yadda kasuwa take. Wani tsoho ya hau ya gaida surukansa ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar awaki. Da layi ya zo kansa aka ce ya cire ɗayan ma, suri ba ya son takalmi. Ya hau da hannu da ƙafa, jar ƙasa ta ɓata masa gwiwar wando. Daga sama aka ji yana magana da ƙarfi, rabi Turanci rabi Hausa, yana cewa a buɗe yanzu, yanzu, shi ya ce.

Kafin su koma masussuka fitilar na'ura ta zama kore. Ɗanmusa ya murɗa makulli, keken ya yi ɗan gurnaninsa. Matan suka fara jan buhuna ba tare da an ce musu ba.

Ibrahim Khalil ya matso kusa da ita, ya rage murya. "Inna, kuskurenmu ne. Da na koma zan aiko da takarda a janye waccan."

"Ban iya karatu ba."

"Madam mai kyamis za ta karanta miki."

"Ba ni ke bukatar ji ba, na san ban tahi ko'ina ba. Waccan a ƙofar maigari anka karanta ta, maza cike da tabarmi. Kunnen da yaj ji waccan shi za shi ji wagga, daga bakinka, yau."

Ya dubi motarsa, ya dubi gwiwar wandonsa. Sannan ya juya ya nufi ƙofar maigari, jama'a na biye. Ya tsaya inda Kikelomo ta tsaya ran nan. Ya ce kamfani ya yi kuskure, shugabar ƙungiya ba ta yi laifi ba.

"Shugabar ƙungiya ba ta da suna?" in ji ta daga gefe. "Waccan takardar ta san sunana."

"Inna Sa'adiyya."

"Ɗiyar Maliki."

"Inna Sa'adiyya ɗiyar Maliki ba ta ƙetare iyaka da kayan kamfani ba, ko sau ɗaya. Ba ta yi fasa-ƙwauri ba. Keke da na'ura suna nan, ba mai taɓa su."

"Da direbanta."

"Da direbanta."

Ta bi fuskokin mazan da ke tabarma da kallo, ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggauta ba. Wanda ya ce Hajiyar boda ran nan, ko wane ne shi, yana cikin masu kallon ƙasa. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro takardar da ta yi laushi da gumi, ta danƙa wa manajan a hannu.

"Mai da ta inda ta fito. In allonka ya sake ce maka wata tsohuwa ta tahi wata ƙasa, ka fara aiko ƙafa kafin ka aiko mota."

Ya sa takardar a aljihu. Babbar motar ta juya ta fita daga gari ba komai a bayanta sai guduma da sifana.

A masussuka an riga an aza buhu shida. Shinkafar da ta kwana biyu a jiƙe ran da keken ya mutu ta yi tsami, an zuba wa kaji, wannan ba mai dawo da ita. Ɗaya daga matan nan biyu ta kawo mata ruwa a kwanon sha, ba ta iya haɗa ido da ita ba. Inna Sa'adiyya ta karɓa ta sha, ta miƙa mata kwanon, ta kama ƙarfen keke ta hau bisa buhuna.

Ɗanmusa ya gyara hula ya waiwayo. "Ina munka nufa, matata? Lolo ko Dahome?"

"Tuƙa, raggo," ta ce. "Inji na rufewa da la'asar."